Hayaƙin Sheshe da Iskar Jos

Sheshe, cikin birnin Kano
14 ga Afrilu

Zuwa ga matata Muhsina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yarmu Shamsiyya da Gwaggo Kulu da duk mutanen gidanta. Yaya baƙunta, yaya sabon aiki? Mu nan lafiya muke, sai zafin bazara da kika sani, wanda ko bango mutum ya dafa da rana sai ya janye hannu.

Ke kika ce in riƙa rubuto miki, tunda a waya ba na cewa komai sai "lafiya lau" da "Allah ya kyauta". Da gaskiyarki. To ga shi na zauna a zaure bayan Azahar da biro a hannu kamar ɗan makaranta. Gobe zan ba direban nan na tashar Unguwa Uku, ya haɗa da gurasar da Inna ta ɗaure muku.

Da kika gaya mini mako uku ke nan Shamsiyya ba ta nemi abin shaƙarta ba, sai da na shiga ɗaki na yi sujada. Har yanzu ina ganin ranar da muka ɗauke ta a guje zuwa asibiti, leɓunanta sun canza launi, da yadda likitar ta dube mu ta ce asmar yarinyar nan ba za ta lafa ba muddin tana shaƙar hayaƙin itace da na janareta. Ta tambaya ko akwai mai girki da itace kusa da mu. Ke kika sunkuyar da kai, ni kuma na kasa ce mata tanderun mahaifiyata yana taku goma daga tagar ɗakinmu. Don haka kada ki sake tambayata ko ina jin haushi don kin karɓi aikin Jos. Ni na ce ki tafi, kuma ko yau aka sake tambayata abin da zan ce ke nan.

Taronmu na Asabar ya yi kyau. Shekara uku ke nan da muka fara buɗe zauren nan bayan La'asar, kin tuna ranar farko? Mutum tara, tabarma biyu, zanena huɗu a jingine da bango, da faifan gurasar Inna. Shekaranjiya kuwa sai da lungun ya cika har bakin masallaci. Masu ɗinkin hula sun baza nasu, wani saurayi daga Mandawari ya kawo allunan zayyana, 'yan jami'a sun zauna a dakali da kwamfutocinsu suna gardama a kan abin da ban gane ba. Matan gidaje sun aiko da dambu da alkaki da awara, bandashen gurasar Inna ya ƙare tun kafin a kira Magariba. Manhajar da kika haɗa wa matan tana aiki yadda kika bar ta. Kowace tana ganin masu neman abincinta a wayarta, ba sai ta leƙo ƙofa ba. Duk wanda ya zo sai ya tambaye ki.

Na karanta abin da kika rubuto a kan garin har sau uku. Wai a ƙasa kike takawa zuwa ofis cikin minti goma sha biyar, akwai bishiyoyi a hanya, kuma masu zane da masu haɗa fim da masu manhaja duk sun san juna, a wurin mai masa guda suke karyawa. Na ji wani abu kamar kishi, ban san ko da ke nake yi ko da garin ba. Abin da muke ta faman ginawa a lungu guda, ke kin same shi a shimfiɗe.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Har yau ban sanar da Inna cewa mun yi shawarar ni ma zan biyo ku ba. Ita a saninta wata uku za ku yi, yarinya ta warware ku dawo. Sau biyu ina shiga wurinta da niyya, in same ta tana manna ƙulli a cikin tanderu, hannunta har kafaɗa a cikin zafi, sai in ɓige da tambayar ko akwai isasshen itace. Shekara arba'in da ɗaya tana wannan sana'a. A unguwa kowa 'Yardada mai gurasa ya sani, ni ma da sunanta ake kwatanta ni.

Na yi magana da Gambo mai walda. Muna so mu gwada kafa bututu a saman tanderun, ya kwashe hayaƙin ya wuce da shi sama da rufin gidaje. Idan ya yi, wataƙila ba sai kowa ya bar gida ba. Kada ki yi mini dariya.

Ki gaishe da Gwaggo Kulu, ki gode mata a madadina. Ki ce wa Shamsiyya Abbanta ya ajiye mata kalolinta, babu wanda ya taɓa.

Mijinki mai kewarku,
Saminu

Sheshe, Kano
21 ga Yuni

Zuwa ga Muhsina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya rabu da ke kwana takwas, amma ji yake kamar shekara. Ina fata kuna lafiya, kuma murar da na bar Shamsiyya da ita ta sake ta. Na iso lafiya, Inna ta ji daɗin dankali da tuffa ɗin da kika aiko, ta raba wa maƙwabta har ta kusa manta da kanta.

Kwana huɗun da na yi wurinku bayan Babbar Sallah sun tsaya mini a rai. A waya na ce miki garin ya yi, amma ban faɗi rabin abin da na gani ba. Na ga Shamsiyya tana gudu. Shekararta shida, kuma sai a ranar na lura ban taɓa ganinta ta yi gudu mai nisa ba tare da na daka mata tsawa ta tsaya ba. Ta hau dutsen nan na bayan gidan Gwaggo ta sauko, ta sake hawa, ni ina tsaye ina jiran in ji ƙirjinta ya fara kuka. Ban ji komai ba.

Sauran abubuwan ma sun shige ni. Yammar da muka fita muka sayi gasasshiyar masara, muka zauna a bakin hanya babu mai yi mana hon. Matar nan mai gwate da ta gane ni Bakano ne tun kafin in buɗe baki. Ofishinku, inda na ga yara ƙanana suna haɗa abin da manomin dankali zai san farashi tun yana gona. Da kuma ɗakin zanen da kika kai ni, inda mai wurin ya daɗe yana kallon hotunan aikina a waya, sannan ya ce idan na shirya a Satumba akwai ajin da zan koyar. Garin bai yi girman da zai haɗiye mutum ba, bai kuma yi ƙanƙantar da zai ƙure shi ba. Da na dawo, daga Unguwa Uku zuwa gida sai da na yi awa ɗaya da rabi a cikin adaidaita, idona na zubar da ruwa. Ina son Kano, Muhsina, kin sani. Amma a ranar na ji kamar ina son wanda ba ya ko kallona.

Maganar bututu. Mun kafa shi. Ranar farko ya janye hayaƙin, ya haɗa da zafin, gurasa ta riƙa saɓulewa daga jikin tanderu tana faɗawa cikin garwashi. Inna ta tsince ƙonannun ta zuba wa awaki. Gambo ya rage bakin bututun, ya sa masa murfi, a gwaji na huɗu ya daidaita. Yanzu tsakar gida ta yi haske, matan da ke taya Inna aiki sun daina tari, har gidaje biyu sun ce a yi musu irinsa. Na yi murna ƙwarai, har na fara tsara yadda zan gaya miki ku shirya dawowa.

Sai wata ɗaliba cikin masu zuwa Asabar ta aro mana na'urar auna iska daga makarantarsu. Mun ajiye ta a tagar ɗakinmu kwana uku. Ta nuna mini sakamakon, na ce ta faɗa mini kawai. Ta ce, "Malam Saminu, naku ya ragu sosai. Amma janaretocin lungun nan da hayaƙin titi sun ishi mai lafiya ma." Ashe ba tanderun Inna kaɗai ba ne. Na gyara abin da hannuna ya kai, saura kuwa ba nawa ba ne. Don haka na daina yaudarar kaina, Shamsiyya ba za ta dawo zama a gidan nan ba.

Ranar Juma'a na gwada Inna. Ban fito mata da maganar gaba ɗaya ba, cewa na yi ko za ta zo mu je Jos ta ga jikarta, ta huta ko na wata guda ne. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ni da ko Zariya ban taɓa kwana ba? Idan na tafi wa zai tashi wuta? Mata goma sha ɗaya ne ke cin abinci a bakin tanderun nan, Saminu. Kai dai ka je ka gano su ka dawo." Daga nan ta koma kan ƙullinta.

Ban san yadda zan yi ba. Ki ce wa mai ɗakin zanen ina nan a kan bakana, Satumba da sauran lokaci. Ki taya ni addu'a Allah ya ba ni bakin da zan yi mata magana.

A gaishe da Gwaggo. A shafa mini kan Shamsiyya.

Naki,
Saminu

Asibiti, Kano
19 ga Agusta

Muhsina,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na gode da kiran da kike yi safe da yamma, da kuma na Gwaggo. Jikin Inna da sauƙi, yau ta sha kunu. A barandar asibiti nake rubuta wannan, ki yi haƙuri da rubutun.

Kin ji abin da ya faru a taƙaice, ga yadda ya kasance. Kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ranar Talata da safe, bayan an idar da sallah gari ya fara haske, Inna ta fita ta janye buhunan fulawa daga jikin katangar bayan ɗakin tanderu, don ta ga ruwa yana tsattsafowa. Ina ɗaki na ji ƙara kamar an sauke tifa. Da na fito babu katangar, babu tanderun, bututunmu yana kwance a tsakar gida. Ita kuwa ƙasa ta danne ta daga ƙugu zuwa ƙafa. Da hannu muka tone ta, ni da Gambo da maƙwabta. Ba ta yi kuka ba, salati kawai take yi.

Kin san lungunmu mota ba ta shiga. Ƙyauren zaure muka cire muka ɗora ta a kai, mutum shida muka ɗauka cikin ruwa har gwiwa zuwa bakin titi. Likita ya ce ƙashin ƙugunta ne ya karye. Sun yi aiki, amma ya ja ni gefe ya ce a shekarunta kada mu sa ran za ta sake tsayawa a kan sana'a.

Ga abin da na kasa faɗa miki a waya. Na ga tsagewar katangar nan tun watan Mayu. Inna ma ta nuna mini, ta ce a yi yaɓe kafin ruwa ya sauka. Na ce to. Sai na shagala da bututu, na tafi Jos, na dawo na shagala da auna iska. Ni da nake tara mutane duk Asabar ina yi musu bayanin yadda za a raya tsohon birni, katangar uwata ta gagare ni yaɓewa. Baffa Tajuddeen, ƙanin mahaifina, ya zo dubiya ya ce ƙaddara ce, kowa ma haka yake cewa. Na yarda da ƙaddara. Amma laka da ramno suna nan a bayan gida tun bazara, ina wuce su kullum.

Ki je wurin mai ɗakin zanen ki ba shi haƙuri, ya ba wani ajin. Ba zan zo a Satumba ba, kuma ba zan sake sa miki rana ba.

Inna tana tambayar Shamsiyya. Idan an sallame mu, kuma kin ga babu matsala, ku zo ko kwana biyu ne.

Ki yi mana addu'a.

Saminu

Sheshe, Kano
6 ga Oktoba

Zuwa ga matata Muhsina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi miki barka da isa gida, da fatan gajiyar hanya ta sake ki. Yaya jikin Shamsiyya? Gwaggo ta ce mini tun da kuka wuce Saminaka numfashinta ya daidaita, Allah ya ƙara sauƙi. Inna tana gaishe ku.

Da neman gafara zan fara. Abin da na faɗa miki a tasha bai dace ba. Na ce kin sami garinki kin manta da namu, alhali ke kika kwana biyu kina juya Inna, kina wanke ta, kina yi mata abin da ni ɗanta ba zan iya ba. Kuma a gabana ciwon yarinyar ya tashi a kwana na biyu, a gabana likita ya ce a mayar da ita a ranar kuma kada a sake kawo ta nan kusa. Ba da ke nake fushi ba. Na ga motar za ta tashi da ku ne, na rasa wanda zan kama. Kin yi shiru kin shiga mota, kuma shirun ya fi mini zafi a kan ki rama. Ki yafe mini.

Akwai labari. Kin tuna lokacin da muka bar Shamsiyya a ɗakin Inna muka fita tsakar gida? Ashe ta kwashe komai ta gaya mata. Ta ce mun kama gidanmu a Jos, akwai ɗaki guda da Umma ta ce na zanen Abba ne, har an sa masa tebur. Inna ba ta nuna mini ta sani ba sai bayan tafiyarku da kwana biyu. Ina ba ta magani ta riƙe hannuna ta ce, "Ashe tun bazara kake ɗauke da wannan kaya kai kaɗai?" Na ajiye maganin na zauna. Ta ce, "Da ka faɗa mini da na yi fushi, gaskiya ne. Da na yi kwana uku ban yi maka magana ba, sannan in ce ka tafi. Yanzu ma cewa nake ka tafi. Yarinya tana buƙatar ubanta, ni kuwa ga mata cike da gida." Na ce babu inda za ni in bar ta a kwance. Ta ce taurin kan mahaifina na ɗauko, ta juya fuskarta bango.

Wata shida ina tsoron maganar da ta ƙare cikin minti biyar. Da na yi ta tun farko, wataƙila da hankalina ya zauna wuri guda.

Matan sun gina sabon tanderu a gidan maƙwabta, Gambo ya mayar musu da bututun. Kullum da safe sukan kawo wa Inna gurasar farko, ta gutsura ta tauna ta ce gishiri ya yi yawa, ko wuta ba ta kama ba. Wannan ne kaɗai lokacin da nake ganin idonta ya dawo. Sauran yinin kallon rufi take yi. Gyambon kwanciya ya fara fito mata, abinci kuma sai an yi da gaske.

Asabar tana nan amma ta rage armashi. Rabin zauren mun cika shi da kayan da muka kwaso daga ɗakin da ya rushe. Masu hula suna zuwa, 'yan jami'a sun ragu. Wani yana cewa a nemi wuri a wajen gari inda mota ke shiga. Na ce su yi yadda suka ga ya dace, ni yanzu ba ni da kai.

Ki rubuto mini ko layi biyu ne, in san kin huce. Ki ba ni labarin garin kamar yadda kika saba, ko da abin da kuka ci ne a hanya. Ina karanta wa Inna, tana so.

Mijinki,
Saminu

Sheshe, Kano
10 ga Disamba

Zuwa ga matata Muhsina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya, ke da Shamsiyya da Gwaggo Kulu. Yaya ƙarin haƙurinmu? An yi addu'ar arba'in ranar Asabar, jama'a sun taru fiye da yadda muka zata. Allah ya jiƙan Inna, ya sa can ta fi mata nan. Na gode da kwana bakwan da kika yi kina karɓar gaisuwa, na gode wa Gwaggo da ta riƙe yarinya har kika koma.

Bayan addu'a Baffa Tajuddeen ya tara mu. Kin san gidan na kakanmu ne, ba a raba gado ba saboda ganin idon Inna. Magada sun kai ashirin, wasu a haya suke da iyalansu. Sun yanke a sayar, kuma akwai wani ɗan kasuwa da zai rushe ya yi shaguna. Baffa ya dube ni ya ce ko ina da magana. Na ce ba ni da ita. Ba su zalunce ni ba, sun yi haƙuri shekara da shekaru. Na dai roƙi a bar wa matan hanyar da suke bi zuwa sabon tanderu, aka amince. Masu zuwa Asabar sun sami wani fili wajen Ƙofar Kabuga, za su ci gaba a can. Na ba su tabarmi da fitilu. Matan lungun ba za su iya aika abinci har can ba, amma manhajarki tana kawo musu masu saye, ba su rasa ba.

Zan taho ranar Lahadi da motar safe, da kayana gaba ɗaya. Amma ina so wannan takarda ta riga ni zuwa, domin akwai abin da na ɓoye miki duk kwanakin da kika yi a nan, kuma ba zan shiga gidanki da shi a ciki ba.

Na ce miki Inna ta rasu ba zato, ba ta bar wata magana ba. Ba haka ba ne. Ranar Litinin ɗin da ta rasu, ta tashi garau, muryarta ta fito kamar ta da. Ta ce a yi mata wanka, a sa mata atamfarta mai ruwan ganye. Sannan ta kira ni ta ce, "Saminu, ka ce a kawo mini Shamsiyya yau. Ina so in gan ta." Na gane abin da take nufi. Na fita zaure da waya a hannu, na daɗe a tsaye. Na san idan na kira ki ba za ki yi shawara da kowa ba, za ki ɗauko ta ku shigo mota. Na kuma tuna abin da likita ya ce, da yadda na ɗauke ta a kafaɗa a zuwanku na baya tana neman iska. Sai na mayar da wayar aljihu, na koma ciki na ce wa Inna na kira, kun taso.

Ta yi murna, Muhsina. Ta sa aka sayo alkaki aka ajiye a gefen matashinta. Da Azahar ta tambaya kun kai ina, na ce kun wuce Saminaka. A lokacin ne kika kira ni kina tambayar jiki, na fita waje na ce miki da sauƙi. Ko kiran bidiyo ban yarda na haɗa ku ba, don da na yi da ta ga yarinyar tana gida. Da La'asar ta sake tambaya, na ce kun fito daga dajin Falgore. Ta ce direban nan ba ya sauri, na ce hanya ce ba kyau. Duk wanda ya yi sallama a zaure sai ta juyo da kai. Tambayarta ta ƙarshe, na ce kuna Kwanar Dangora, saura kaɗan. Ta ce, "To bari in ɗan runtsa kafin su iso, ka tashe ni." Ta yi kalmar shahada a hankali kamar yadda ta saba kafin barci. Ba a kira Magariba ba ta cika.

Kwana arba'in da huɗu ke nan ina juya wannan. Wata rana in ce na kare 'yata, kuma uwata ta tafi tana cikin farin cikin jira. Wata rana in ce na yi wa mahaifiyata ƙarya sau huɗu a ranarta ta ƙarshe, na kuma hana ki zaɓin da hakkinki ne ki yi. Ko kin kawo yarinyar ko ba ki kawo ba, da ke kanki kin zo kin same ta da rai. Ban tambayi kowane malami ba, don ina tsoron ya ce mini babu komai, in kuma kasa yarda.

Ba na neman ki ce na yi daidai. Ina so ki sani ne kawai kafin ki gan ni. Idan kin zo tasha, alhamdulillahi. Idan kina buƙatar lokaci, zan sauka a wurin Gwaggo har ki aiko.

Abu na ƙarshe. Shekaranjiya a waya Shamsiyya ta tambaye ni ko Inna ta neme ta kafin ta rasu. Na ce mata za mu yi maganar idan na zo. Ita ba zan yi mata ƙarya ba, amma ban san ta inda zan fara ba. Idan kin yafe mini, ki zauna kusa da ni ranar da zan gaya mata.

Ki gaishe da Gwaggo da mutanen gida. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Saminu